Yarona ya daina son zuwa makaranta, manyan yara na ƙwace masa kuɗin tara

Maman Yaro, na karanta tambayarki: ɗanki ɗan aji 3 yana kuka kowace safiya, yana cewa ciki na yi masa ciwo, sai daga baya kika gano 'yan aji 6 ne ke tare shi lokacin tara suna karɓe kuɗinsa. Wannan cin zali ne, ba wasan yara ba. Na sha irinsa da ɗiyata a wata firamare a wajen Ƙofar Sauri.

Ki fara zama da shi cikin natsuwa. Kada ki ce masa rago, kada kuma ki ce "ka rama". Ni na yi wannan kuskuren, yarinyar ta dawo da riga a yage, ta kuma daina gaya mini komai har kusan wata guda. Ki tambaye shi wa, ina, yaushe. Yawanci bayan ajujuwa ne, ko wajen masu awara, ko hanyar komawa gida.

Sannan ki je wurin malamin ajinsu ke kaɗai, ba a gaban yara ba. In ba a ga sauyi ba, sai hedimasta, sai kwamitin iyaye da malamai, sannan ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Don Allah kada ki tare yaran a hanya da kanki. Nan take rigima za ta koma tsakanin gidaje.

A halin yanzu ki haɗa shi da ɗan maƙwabta su riƙa tafiya tare, ki ba shi abinci a kwano maimakon kuɗi.

In akwai rauni, ko ya fara fitsarin kwance da firgita cikin barci, ki kai shi asibiti.