Amsa: Wane ne Abba Kyari na 'yan sanda?

Malam, ka tambaya ko shi ne shugaban ma'aikatan fadar Buhari, kuma me ya jawo masa matsala. A'a, wancan ya rasu a Afrilun 2020, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Wannan mataimakin kwamishinan 'yan sanda ne da ya jagoranci rundunar IRT mai farautar manyan masu laifi. Yaransa ne suka kama Evans, ƙasurgumin mai garkuwa da mutane, a Legas a 2017, suka kuma sake cafke Wadume, wani da ake zargi da garkuwa da mutane wanda ya kuɓuce bayan kamun farko, a Kano a 2019. Lokacin kowa yabonsa yake, har majalisar wakilai ta karrama shi a 2020.

Sai a Yulin 2021 hukumar FBI ta Amurka ta zarge shi da hannu a damfarar da Hushpuppi, wani ɗan Najeriya mai damfara ta intanet, ya yi wa wani ɗan kasuwar Katar, ta sama da dala miliyan ɗaya, aka dakatar da shi. A Fabrairun 2022 kuma NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta tsare shi kan zargin cinikin hodar iblis. Ya musanta duka biyun.

Ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka bar jami'i yana ɗaukar hoto da attajirai da mawaƙa shekara da shekaru, manyansa ba wanda ya ja masa kunne.