Filin Amsar Tambayoyinku: Yaya zan mayar da "take off" zuwa Sifaniyanci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru nake zaune. Kimiyya nake karantawa, amma lokacin dogon yajin aikin 2022 na fara koyon Sifaniyanci ta waya don in rage zaman banza, sai abin ya shiga raina. Yanzu ina gwada fassara gajerun labarai daga Turanci. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne kalmomi irin su "take off" da "give up" da "put out". Na fassara "the plane took off" da "el avión tomó fuera", sai wata ƙawata 'yar Kolombiya da muke hira ta ce sam ba ta gane ba. Na duba ƙamus, ya jero min ma'anoni barkatai. Malam, ta ina zan kama?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Wasiƙarki ta faranta min rai, don ba kullum ake samun wanda yajin aiki ya ƙara masa harshe ba.

Waɗannan kalmomi Turawa na ce musu "phrasal verbs". Ni a aji ina ce musu aikatau mai jela: aikatau ne da aka liƙa masa 'yar guntuwar kalma a baya, irin su off, up, out, down, sai ma'anar ta koma wani abu dabam. Sifaniyanci ba shi da irin wannan gini. "Tomó" daidai ne, "fuera" ma daidai ne, amma haɗa su bai haifar da komai ba, shi ya sa ƙawarki ta rasa inda kika dosa.

Shawarata ita ce, kada ki tsallaka daga Turanci zuwa Sifaniyanci kai tsaye. Ki biyo ta gida tukuna. Ki faɗi jimlar da Hausa, yadda za ki faɗa wa innarki, sannan ki nemi Sifaniyancin abin da kika faɗa. "The plane took off": jirgi ya tashi, wato "el avión despegó". "She took off her shoes": ta tuɓe takalminta, "se quitó los zapatos". "He took Friday off": ya ɗauki hutu ran Juma'a, "se tomó el viernes libre". "The thief took off": ɓarawo ya arce, "el ladrón se largó". Kin ga ba inda bakinki ya kama hanyar cewa jirgi ya ɗauka. Hausarki ta riga ta rarrabe ma'anonin tun kafin ki buɗe ƙamus, kuma kowace ta zo da nata aikatau guda.

Wannan ba sa'a ba ce kawai. Wani masanin harsuna na Amurka, Leonard Talmy, ya yi bayani a 1985 cewa harsuna sun bambanta wajen inda suke ajiye alkiblar motsi. Turanci yana sa yanayin tafiya a cikin aikatau, ya bar alkibla a jela: "he ran in", "he ran out", "she swam across". Sifaniyanci kuwa alkiblar ce ke cikin aikatau, yanayin tafiyar ya biyo baya: "entró corriendo", "salió corriendo", "cruzó nadando". To yanzu saurari kanki: ya shiga da gudu, ya fita da gudu, ta haye da iyo. Jeri ɗaya ne sak. Muna da shiga, fita, hau, sauka, haye. Su kuma suna da entrar, salir, subir, bajar, cruzar. Baturen Ingila mai koyon Sifaniyanci sai ya sha fama kafin ya saba da juya jimla haka. Ke kuwa da shi kika tashi. Yana ba ni takaici yadda yaranmu ke ɗauka cewa Turanci ne kaɗai gadar da za ta kai su wani harshen Turai, alhali a wannan fagen Hausa ta fi kusa da inda za su.

Akwai wani wuri ma da ya fi wannan daɗi. Aikin da Turanci ke sa jela ta yi, mu wasalin ƙarshen aikatau ke yi mana. F. W. Parsons ne ya tsara wannan a 1960, ya kasa aikatau na Hausa giredi-giredi har bakwai, kuma har gobe da tsarinsa ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'inmu. Ɗauki ci da cinye, sha da shanye. "He ate the rice": ya ci shinkafar. "He ate up the rice": ya cinye shinkafar, ko ƙwaya bai bari ba. Wannan "up" ba ruwansa da sama, ƙarewa yake nufi. Sifaniyawa da ɗan ƙaramin "se" suke nuna hakan: "se comió el arroz", "se bebió la leche". Duk inda bakinki ya ce cinye ko shanye, ki lalubo "se". Haka nan kai da kawo: "take it over to him" kai masa, llevar ke nan, "bring it over" kawo shi, traer ke nan. Suna kiyaye wannan bambanci sosai, kamar yadda Bahaushe ba ya rikita fita da fito.

Misalin da na fi so shi ne "we ran out of sugar". Ɗalibai da yawa sukan tsaya suna neman inda za su sa correr, wato gudu. Ba wanda ya yi gudu. Me ake cewa a gidanku? Sukari ya ƙare mana. Da Sifaniyanci: "se nos acabó el azúcar". Duba da kyau, sukarin ne ya ƙare, mu kuma abin ya faɗo a kanmu, kuma "nos" ɗin nan shi ne "mana". Turanci ya sa mutane a gaba, Hausa da Sifaniyanci suka sa sukari. Ana kuma iya cewa "nos quedamos sin azúcar", wato mun wayi gari ba sukari, duk biyun suna tafiya.

Game da ƙamus da ya jero miki ma'anoni, ba laifinsa ba ne. Maganin shi ne ki duba wa ya yi aikin, kuma a kan me aka yi shi. "Break down" idan mota ce a hanyar Kaduna, lalacewa ta yi: "se averió el coche" a Sifaniya, a Meziko kuma za ki ji "se descompuso el carro". Idan mutum ne aka yi masa rasuwa, fashewa da kuka ya yi: "se echó a llorar". Idan tattaunawar sulhu ce, ta wargaje: "fracasaron las negociaciones". Idan lissafin kuɗi ne aka ce ki yi masa, to fayyace shi za ki yi dalla-dalla, desglosar. "Make up" ma haka: ƙirƙiro labari inventar, yin kwalliya maquillarse, shiryawa bayan faɗa "hacer las paces". Shi kuwa "give up" da kika ambata, mai kokawa da ya sallama rendirse ne, mai shan taba da ya daina "dejó de fumar", wanda ya haƙura da haƙƙinsa "renunció a su derecho". Sallamawa, dainawa, haƙura: uku ne a wurinmu, uku ne a wurinsu.

Sai dai kada ki saki jiki gaba ɗaya. Hausa za ta faɗa miki wace ma'ana ake nufi, amma ita ma tana da nata salon da ba a kwashewa ɗanye. "Put out the fire" mu kashe wuta muke cewa. In kika rubuta "matar", wato kashewa da Sifaniyanci, to kin yi kisan kai ne, ba kashe gobara ba. Kalmar ita ce apagar, kuma ita ce ta fitila da rediyo da waya. Mu ma muna da aikatau masu fuska da yawa: ci amana, ci bashi, ci jarrabawa, ci kasuwa, ci sarauta, sha kashi, sha alwashi. Ba ɗaya daga cikinsu da comer (ci) ko beber (sha) za su ɗauka. Su ma suna da nasu ƙulli: "echar de menos" kewar mutum, "darse cuenta" farga, "dar a luz" haihuwa. Wani lokaci fassarar aikatau mai jela irin wannan ƙullin ce, ba kalma guda ba. "Look forward to" a hira tsakanin ƙawaye "tengo ganas de verte" ne, ina ɗokin ganinki, amma a ƙarshen wasiƙar ofis "quedo a la espera de su respuesta" ake rubutawa.

Akwai wata dabara da malamai ke koyarwa, ina amfani da ita amma da taka-tsantsan. Tun bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin suka kwarara cikin Turanci, shi ya sa aikatau mai jela da yawa ke da ɗan'uwa na boko. "Put off" yana da postpone, "find out" yana da discover, "carry on" yana da continue. Tun da Sifaniyanci daga Latin ya fito, sau da yawa ɗan'uwan nan zai miƙa miki amsa: posponer, descubrir, continuar. Matsalar ita ce yakan ɗaga murya ta koma ta takarda. "I can't put up with this heat", wanda ya sha zafin Afrilu a Zariya ba zai ce tolerar ba, "no aguanto este calor" zai ce, ba zan iya jure zafin nan ba. Kuma akwai masu kama da juna da ke yaudara. "Back up your friend" shi ne support, amma soportar jurewa yake nufi. Mara baya apoyar ne.

A aikace, ki samu littafin rubutu na musamman. Kada ki haddace jerin aikatau mai jela bisa haruffa, yana zubewa cikin mako guda. Duk wanda kika ci karo da shi, ki rubuta jimlar gaba ɗaya, ƙarƙashinta Hausa, ƙarƙashinta Sifaniyanci. Kalmar da kika zaɓa ki tabbatar da ita a ƙamus na Real Academia Española, hukumar kula da harshen da aka kafa a Madrid a 1713. Yana intanet kyauta. Sannan ki riƙe ƙawar nan taki da kyau. Duk jimlar da ta ce ba ta gane ba, ki tambaye ta yadda za ta faɗa a gidansu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Daga Sabon Gari nake rubutowa. Kawuna yana kasuwanci a Malabo, ni ke rubuta masa saƙonni zuwa ga abokan cinikinsa, daga Turanci zuwa Sifaniyanci, da taimakon manhajar fassara. "Pick up" da "call back" sun fi rikita ni. Wani ya ce min "llamar para atrás" daidai ne. Haka ne?

AMSA: Yauwa, ɗana, barka kadai. Allah ya buɗa wa kawu kasuwa. "Llamar para atrás" ana jin sa a bakin wasu masu Sifaniyanci da ke zaune a Amurka, kwaikwayon Turanci ne. Kada ka aika shi Malabo. Ikwatoriyal Gini, ƙasar da Malabo yake cikinta, ta samu 'yanci daga Sifaniya ne a 1968, kuma Sifaniyancinta ya fi karkata ga na Sifaniya. Ka rubuta "le devuelvo la llamada" in shi ya kira bai same ku ba, ko "le vuelvo a llamar" in za a sake kira.

"Pick up" kuwa, ɗaukar kaya ko tarbo mutum a filin jirgi recoger ne. Ɗaga waya contestar. In kasuwa ce ta farfaɗo, "las ventas mejoraron". Za ka ga coger, wato ɗauka, a wasu littattafan, a Sifaniya ba komai, amma a Meziko da Ajantina batsa ce, don haka in ba ka san daga ina mai karɓar saƙon ya fito ba, ka tsaya ga recoger da tomar.

Abin da na fi so ka kula da shi ba ka ma tambaya ba, kuma nan ne kuɗi ke salwanta. "Put off" ɗagewa ne, aplazar. "Call off" fasawa ce gaba ɗaya, cancelar. "Pay back" mayar da kuɗi, devolver. "Pay off" biyan bashi kaf, "saldar la deuda". Kafin ka danna aikawa, ka kira kawu ka tambaye shi da Hausa: an ɗage ne ko an fasa? Wani kaso za a biya ko duka? Abin da ya faɗa shi za ka rubuta, ko da manhajar ta ba ka wani abu dabam. Kuma tun da manya kake rubuta wa, ka yi amfani da usted, wato "ku" na girmamawa, ba tú ba, wato "kai" ko "ke": "recoja la mercancía en el puerto", ba "recoge" ba.