Tambaya da Amsa: Tsara Filin Shantin a Teburin Ƙananan Jiragen Ƙasa

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan filin shantin, wato wurin da ake kwance taragai, a ware su, a sake haɗa jirgi. Duk masu tambayar suna aiki ne da tebur na haɗe-haɗe da ake kira modul: kowa ya gina yankinsa a gida, ranar taro a jona su su zama layi ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da modul huɗu a sikelin HO, kowanne tsawonsa santimita 120, faɗinsa 60. Ina son filin shantin mai layi goma, kuma ina da burin jona shi da na wata ƙungiya mai bin ƙa'idar jona modul da ake kira Free-mo. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Amurka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye maganar layi goma tukuna, ita ce ta ƙarshe da za a yanke. Filin shantin wurin rarraba taragai ne, ba ma'ajiyarsu ba, saboda haka abin da ya kamata ka fara aunawa shi ne tsawon jirgin da zai riƙa shigowa.

A sikelin HO ana rage komai sau 87, tsakanin dogo da dogo kuma milimita 16.5 ne. Taragon kaya mai tsawon ƙafa 40 a zahiri yana cin kusan santimita 15 har da ƙugiyoyinsa, kan jirgi kuma 20 zuwa 25. Jirgi mai taragai tara da kai ɗaya zai kai wajen santimita 160. Wannan adadi shi zai gaya maka tsawon layin da jirgi ke shigowa ya tsaya ko ya tashi daga kansa. Ka bar masa rarar santimita 10 zuwa 15, kuma ka auna daga inda tarago zai tsaya ba tare da ya gogi na layin kusa ba, ba daga bakin masauyin layi ba. Wannan layi dole ya buɗe ta gaba da baya, domin kan jirgin da ya shigo ya samu hanyar ficewa ya zagayo. In ya toshe ta gefe ɗaya, kai ya maƙale ke nan a bayan taragansa.

Sai layin shantin, wanda injin ke jawo taragai a kansa kafin ya tura su inda za su zauna. Nan ne akasarin masu farawa ke yin rowa, daga baya su yi cizon yatsa. Ya zama layi mai zaman kansa kusa da babban layi, kada ya zama babban layin kansa, in ba haka ba duk sanda jirgin wani ya zo wucewa sai ka tsai da aiki. Tsawonsa ya kai ya ɗauki injin da duk taragan da ke kan layin shigowa a ja ɗaya. Modul guda mai santimita 120 ba zai ɗauki abin da ya wuce injin da taragai shida ba. Shawarata ita ce ka ƙara modul na biyar, fili kawai mai layi biyu. Shi ne mafi arha a cikinsu, kuma shi zai fi kowanne sauƙaƙa maka aiki. Jerin sai ya zama: biyu na layin shantin, ɗaya na tsani, biyu na layukan ware taragai.

Tsani shi ne jerin masauyan layi da ke bin juna a karkace, kowanne yana sakin layi ɗaya. A nan lissafi yake. Lambar masauyi tana nuna yadda yake buɗewa: mai lamba 6 yana ware santimita ɗaya a kowane santimita shida na tafiya, kwanarsa kusan digiri 9.5, mai lamba 5 kuma kusan digiri 11.4. Idan tazarar layukanka inci biyu ce, wato santimita 5.1, kowane masauyi mai lamba 6 zai ci kusan santimita 31 na tsawon tebur, mai lamba 5 kuma kusan 26. Jera huɗu ka gani: na lamba 6 sun haura 120, sun tsallaka mahaɗar modul, na lamba 5 sun tsaya a wajen 102, sun bar maka kusan santimita 9 a kowane gefe. Don haka ga taragai masu tsawon ƙafa 40 zuwa 50, tsanin lamba 5 ya wadatar. Kada ka sauka zuwa lamba 4. Ja ba ya ba da matsala a kansa, amma tura dogon jeri ta cikinsa shi ke jefar da taragai. Duk masauyin da ya taɓa babban layi kuwa ya zama lamba 6 ko sama, haka ƙa'idar Free-mo ta tanada.

Wannan lissafi shi ne amsar layi goma. Kowane layi da ka ƙara ya fi na gabansa gajarta da santimita 26, kuma tsanin zai malala kan modul biyu. Layi shida sun isa: babban layi, layin shigowa da tashi, da huɗu na warewa masu toshe a ƙarshe. Huɗun za su ɗauki taragai kusan 60 in an cika su maƙil, amma fili ba ya aiki a cike. Da zarar ya wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku, ba inda za ka kai tarago sai ka fara ɗauke wani. Ka lissafa 30 zuwa 35. In wuri ya ragu a gefen tsani, sa ɗan gajeren layi na santimita 30 inda kan jirgi zai jira.

Game da Free-mo, a cikin mahaɗu, na ƙarshen filin guda biyu ne kawai dole su bi ƙa'ida. Mahaɗun ciki naka ne. Fuskar ƙarshe ta layi ɗaya faɗinta inci 24, wato santimita 61 ba 60 ba, tsayinta inci 6, layin yana tsakiya daidai, kuma miƙaƙƙe ne na aƙalla inci 6 kafin baki. Saman dogo inci 50 ne daga ƙasa. Tun da layin ya shigo ta tsakiya, sai ka karkatar da shi zuwa gefe a hankali don ya buɗe wa sauran wuri, da kwanar da ba ta gaza inci 42 ba, da miƙaƙƙen inci 12 tsakanin kwana biyu masu saɓa wa juna. Ka nemi takardar ƙungiyarku kafin ka yanka katako, domin FREMO ta Turai, wadda aka kafa a Jamus a 1981, tsayinta milimita 1300 ne, ba za su jonu ba sai da gyaran ƙafafu.

Kafin manna komai, shimfiɗa takarda a kan teburin, ka jera masauyan na gaskiya, ka tura taragai da hannu kamar ana aiki. Ka kuma leƙa ƙasa: kada harsunan masauyi su faɗa daidai kan katakon giciye, nan injin juya shi zai zauna.

TAMBAYA: Na gama filina da damina yana aiki lafiya. Da hunturu ya shigo sai taragai suka fara sauka a mahaɗar modul, wani dogon ma ya lanƙwashe. Me ya jawo? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Malama, katako ne ya motsa. Da damina ya sha laima ya kumbura, da iskar hunturu ta busar da shi ya tsuke, dogo kuwa bai tsuke tare da shi ba, sai ya rasa wurin zuwa ya kauce gefe. Bazara za ta fi tsanani, domin ga bushewa ga zafi: mita ɗaya na dogo yana ƙara kusan sulusin milimita idan zafi ya hau da digiri 20.

Ki fara da gyaran da ke gabanki. A tsakiyar kowane modul ki yanke dogon da siririn zarto, ki bar rata ta rabin milimita, ki sa maɗaurin dogo amma kada ki like shi da dalma, ya zama yana zamewa. Wanda ya shimfiɗa da damina shi ya fi bukatar wannan rata. Wanda ya shimfiɗa da bazara kaɗan zai bari, don damina za ta buɗe masa. Sannan ki shafe katakon da fenti ko banish sama da ƙasa har da gefuna. Shafa fuska ɗaya kawai shi ke sa falle ya banƙare.

Mahaɗar kanta tana da nata tsarin. Noti yana matse modul biyu ne, ba ya daidaita su, domin raminsa yana buɗewa da yawan ɗaurawa da kwancewa. Abin da ke daidaitawa shi ne ƙusoshin ƙarfe biyu masu shiga rami, irin waɗanda ake sayarwa don wannan aiki. Ki matse fuskokin biyu tare, ki huda su lokaci guda, ki sa ƙusoshin, sannan noti biyu na milimita 8. Bayan haka ki shimfiɗa dogo ya ratsa mahaɗar a ɗaya, ba yanke. Ki cire matasan roba da dogo ke zaune a kansu biyu-biyu a kowane gefe, ki maye su da yankan allon lantarki mai fuskar jan ƙarfe da aka manna da ƙarfi, ki like dogon a kansu da dalma, sai a ƙarshe ki yanke shi daidai kan mahaɗa. Kada ki manta ki kankare jan ƙarfen a tsakiyar kowane yanki, in ba haka ba zai haɗa wutar dogo biyu. Ki ɗan goge gefen ciki na bakin dogon da fayil don kada ƙafa ta ci karo.

A mahaɗa mai layi shida wannan hanya ce mai sauƙi. Gajerun dogayen gada da ake sawa a ƙarshen Free-mo sun dace da layi ɗaya, amma a nan guda goma sha biyu za ki riƙa sawa a kowace mahaɗa duk ranar taro. Kuma layi ya tsallaka mahaɗa a miƙe. Wanda ya tsallaka a karkace ko a kwana, kuskuren gashi ɗaya ya isa ya sauke jirgi.

TAMBAYA: Injin shantin nawa yana mutuwa a kan tsani idan yana tafiya a hankali, wani lokacin kuma wuta ta ɗauke a duk teburin. Ina amfani da DCC, wato tsarin sarrafa jirage da saƙon dijital ta cikin wutar dogo. Daga wani mai karatu a Ingila.

AMSA: Matsala biyu ce, ɗan'uwa. Mutuwar injin daga kwaɗo take, wato inda dogo biyu suka gitta juna a cikin masauyi. In na roba ne ko na ƙarfe marar wuta, gajeren injin yana rasa abinci a kansa, kuma a tsani irinsu a jere suke. Ka ba kowane kwaɗo wayarsa, wadda ke sauya ɓangaren wuta tare da juyawar masauyin. Injin juyawa irin Tortoise yana da makunnin yin haka a jikinsa, ko ka sa na'urar lantarki mai suna Frog Juicer ta yi da kanta. Dogo biyun da suka fito daga kwaɗon kuma a raba su da sauran layi da maɗaurin roba.

Kada ka dogara da maɗaurin dogo ko harshen masauyi su kai wuta, ƙura kaɗan ta yanke su. Ja manyan wayoyi biyu a ƙarƙashin tebur, kauri AWG 14 (ma'aunin kaurin waya na Amurka) ko wayar gida mai 2.5, sannan kowane yankin dogo ya samu 'yar siririyar wayarsa, AWG 22, wadda ba ta wuce santimita 30 ba. Launi biyu, kuma kada su saɓa daga modul zuwa modul.

Ɗaukewar wuta kuwa yawanci injin ne ya shiga masauyin da ba a juya masa ba. A filin shantin hakan ba ya ƙarewa, don haka ka yanke dogo biyun ka ware filin daga babban layi, ka ba shi nasa makatsin wuta. Gwajinsa kuwa, ɗora kwabo a kan dogo a lungu mafi nisa. In makatsin bai katse nan take ba, wayarka ta yi siriri ko wani haɗi ya saki.

TAMBAYA: Maganaɗisu ya fi wajen kwance ƙugiya, ko hannu? Kuma taragaina suna gangarawa da kansu. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: A fili mai yawan kai da komo, maganaɗisun dindindin da ake sawa a kan layi yana kwance ƙugiya samfurin Kadee a lokacin da ba ka so, musamman idan jeri ya saki a kansa. Tsinken tsire mai tsini ya fi: ka zura shi tsakanin ƙugiyoyi biyu ka murza. In hannu za ka riƙa sawa, buɗe tazarar layuka zuwa santimita 5.7, amma ka sake lissafin tsani, don kowane masauyi mai lamba 5 zai koma cin kusan 29.

Gangarawa kuma alamar tebur bai zauna daidai ba ne. Sa noti mai juyawa a ƙasan kowace ƙafa, ka daidaita da ma'aunin lebur ta tsawo da ta faɗi duk sanda aka kafa. Ka duba nauyi ma. Shawarar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, ga HO ita ce giram 28, da ƙarin giram 14 a kan kowane inci na tsawon tarago, wato mai inci shida ya kai wajen giram 112. Wanda bai kai ba, idan ya shiga tsakanin masu nauyi, shi ake fara matsewa ya fita daga kan tsani. Manna masa wasu 'yan wasal na ƙarfe a ciki, ƙasa-ƙasa, daidai saman ƙafafunsa.