Ƙaruwar Manyan Kantuna Za Ta Sauke Farashi a Garin Masu Yawon Buɗe Ido?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani gari da baƙi ke zuwa hutu da yawon buɗe ido, kuma garin sai ƙara bunƙasa yake yi. Shekara da shekaru babban kanti guda ɗaya muke da shi, kayan masarufi kuma sun yi mana tsada. Yanzu ana gina wasu manyan kantuna guda biyu. Shin farashi zai sauka? Kuma ya dace in daina sayayya a ƙananan shaguna? Daga wata uwargida mai bibiyar wannan shafi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Farashi zai iya sauka, amma kafin ki yi murna ki bincika ko su wane ne masu sababbin kantunan, domin yawan gine-gine da bambancin suna ba su ne gasa ba. A New Zealand, misali, kantunan New World da Pak'nSave da Four Square duk suna ƙarƙashin rukunin Foodstuffs, kuma a 2022 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta ba da rahoton cewa gasa ba ta yi wa masu saye aiki yadda ya kamata, saboda rukuni biyu ne suka mamaye kasuwar. A Birtaniya ma hukuma ta hana haɗewar kamfanonin manyan kantuna na Sainsbury's da Asda a 2019, don gudun tashin farashi. Idan kantunan nan uku hannu ɗaya ne ke juya su, ragin da za ki gani ba zai taka kara ya karya ba.

Sannan garin hutu yana da halinsa na daban. Baƙon da ya zo ya kwana biyar ba ya zagaya gari yana kwatanta farashi. Kantin da ya fi kusa da masaukinsa yake shiga, ya ɗauki ruwan sha da abin taɓawa, ya biya ba tare da ya duba rasit ba. Mai kanti ya san da haka, kuma muddin cinikin baƙi ya ishe shi, ba abin da zai tilasta masa ya rage wa 'yan gari. Ga kuma tsadar fili da haya, ga albashin ma'aikatan da su ma gidan zama ya yi musu tsada, ga kuɗin dakon kaya idan garin ya yi nisa da ɗakunan ajiya na kamfani. Uwa uba, ciniki na lokaci ne: watannin hutu a cika maƙil, sauran watanni a yi ta jiran mai saye, alhali firji ba ya daina shan wuta. Duk wannan a kan farashin kaya ake ɗora shi.

Maganar fili tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mutane ba su cika lura da ita ba. Wasu kamfanoni kan sayi fili su ajiye, ko su sayar da sharaɗin kada a gina kantin abinci a kansa, don su toshe wa abokin hamayya hanya. Birtaniya ta taƙaita irin wannan sharaɗi a 2010, New Zealand kuma ta haramta shi a 2022. A garin da filayen kasuwanci ba su da yawa, ya kamata mazauna su riƙa bibiyar wanda hukumar tsara gari ke ba izinin gini.

Abin da ya fi girgiza farashi shi ne zuwan kantin rangwame irin Aldi ko Lidl na Jamus, waɗanda ke ajiye nau'in kaya kaɗan, akasari masu ɗauke da tambarin kantin, su rage ma'aikata da ƙawa, su sayar da araha. Idan ɗaya daga cikin sababbin irin wannan ne, tsohon kantin zai ji a jikinsa.

Kada garaɓasar makon buɗewa ta ruɗe ki, domin ba girin-girin ba, ta yi mai. Kantuna kan karya farashin 'yan kayan da kowa ya haddace kuɗinsu don su jawo mutane, su fanshe a kan sauran. Ki rubuta kayan da gidanki ke saye kowane mako, ki kwatanta jimillar kuɗinsu a kantunan uku bayan wata biyu ko uku, sau ɗaya a lokacin cikar baƙi, sau ɗaya bayan sun watse. Ki riƙa duba farashin kilo ko lita da aka rubuta da ƙananan haruffa a jikin kantar da aka jera kayan, saboda babban ƙunshi ba kullum ne ya fi araha ba.

Ƙananan shaguna kuwa, ban ba ki shawarar ki juya musu baya ba. Kayan gwangwani da sabulu da abin da ake saye da yawa sukan fi sauƙi a babban kanti, amma kayan lambu da abin buƙatar gaggawa sau da yawa sun fi dacewa a shagon unguwa, musamman idan aka lissafa kuɗin mota da cunkoson lokacin hutu. Su ma ɓangare ne na gasar, kuma idan suka rufe, tsofaffi da marasa abin hawa ne za su fara shan wahala.