Ina koyar da kiwon kaji kyauta, ko in fara karɓar kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Fadaman Mada, Bauchi. Shekara biyu ke nan ina rubuta abin da na sani kan kiwon kaji a Facebook da wani zauren WhatsApp, mata da yawa suna ƙaruwa. Yanzu kuɗin data da amsa tambayoyi har tsakar dare sun fara yi mini nauyi. Wani mai sayar da maganin kaji ya ce zai biya ni in riƙa tallata masa. Ya dace in nemi kuɗi da wannan aiki? Ina tsoron a ce na koma 'yar kasuwa, ladan ya tafi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri. Ki nemi kuɗin, kada ki ji kunya. Malamin makaranta albashi yake karɓa, ba wanda ya ce ladansa ya zube. Abin da ya fi damuna shi ne ki gaji ki yi shiru, matan da ke jiran ki gaya musu ranar ba kaji rigakafin Gumboro da ranar na Lasota su rasa wurin tambaya. Sai dai hanyoyin samun kuɗin ba ɗaya suke ba.

Wadda kowa ya fi hange ita ce kamfanin intanet ya sa talla a aikinki ya biya ki. Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya wannan ƙofa a 2024. YouTube kuwa yana son mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara raba kuɗin talla da ke, kuma Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, ba ya turo ko sisi sai kuɗinki sun kai dala 100. Ga shi masu talla sun fi zuba kuɗi a kan mai kallo daga Amurka ko Ingila, wanda ke kallo daga Wunti ko Yelwa abin da yake kawowa kaɗan ne. In ya zo, madalla, amma kada ki ɗora tukunya a kansa.

Mai maganin nan, a nan nake so ki tsaya ki yi tunani sosai. Amanar da matan nan suka ba ki yake son saye. Ki ƙaddara wata baiwar Allah ta tara kuɗin adashenta ta sayi 'yan tsaki 50, ta sayi maganin don ke kika ce, da asuba ta ɗaga buhun da ta rufe akurki da shi ta tarar rabinsu sun sheƙe, sauran sun takure a gefen fitila. Ba shi za ta kira ba, ke za ta kira tana kuka. Mun ga yadda tsare-tsaren damfara na zuba jari, MMM a 2016 da CBEX a 2025, suka cinye dukiyar jama'a, kuma yawanci ta bakin wanda aka yarda da shi suka shiga gidaje. Don haka ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalbar, ki nuna wa likitan dabbobi, ki gwada a kajinki zubi guda. In kin gamsu, ki karɓi kuɗinsa, ki kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan talla ne aka biya ki. In ya ce kada ki faɗa, ki sallame shi.

Ni abin da na fi so miki shi ne ki sayar da iyawarki da kanki. Ki buɗe aji na musamman ga masu son ki bi su tun daga ranar da 'yan tsaki suka iso har ranar sayarwa. A misali, mata 30 kowacce ta biya naira 3,000, kin ga 90,000 ke nan, kuma kin san fuskar waɗanda kike yi wa aiki. Ɗan littafi a waya ma yana sayuwa, amma ki sani mutum ɗaya zai saya ya tura wa goma. Amsarki a lokacin da kaza ta fara zawo, ita ce ba a iya turawa, ita za ki sa wa farashi. Za ki kuma iya haɗa odar 'yan tsaki da buhunan abinci ku saya a sari, ki ɗora la'adarki kowa ya sani.

Abin da kika saba bayarwa kyauta, kamar jadawalin rigakafi da gargaɗi idan annoba ta shigo gari, ki bar shi kyauta. Ki ware lokacin amsa tambayoyi, bayan Isha ki ajiye waya, maigida da yara ma suna da hakki. Ki buɗe asusu daban don kada kuɗin aji su gauraya da na cefane, in abin ya kankama ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Broila, wato kajin nama, na kai sayarwa cikin mako 6 zuwa 8, saboda haka ki sanar da ajin farko saura kamar wata uku Sallah, mata su samu damar haɗa kuɗi da gyara akurki kafin 'yan tsaki su iso.