Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Roka Tashi Sau Biyu a Rana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu na kusa da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, kullum ina ganin jirage suna sauka suna sake tashi. An ce yanzu roka ma tana dawowa ƙasa. Me ya hana a cika mata mai ta koma nan take? Kuma da gaske hakan na rage kuɗi?
Wani ɗalibi daga Palladan, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Yana ragewa ƙwarai, domin ba mai ne ke cin kuɗin ba. Harba rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX na Amurka kan ci wajen dala miliyan 70, amma kuɗin man bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Tsadar tana jikin rokar, musamman sashen ƙasa mai injuna 9, wanda a da teku ke cinyewa.

Kamar minti 2 da rabi bayan tashi, sashen nan kan rabu, ya juya, ya kunna injuna 3 don rage gudu. Fikafikai 4 masu kama da raga ke saita shi. Wuyar tana ƙarshe: ko inji 1 ya fi ƙarfin nauyin da ya rage, don haka rokar ba ta iya tsayawa cak a iska. Dole gudunta ya ƙare daidai lokacin da ƙafafunta suka taɓa ƙasa. A Janairun 2015 man da ke motsa fikafikan ya ƙare, ta bugi jirgin ruwan da aka tanadar mata ta tarwatse. Sai a Disamban shekarar aka dace.

Jinkirin kuwa daga dubawa yake. Kananzir take sha, kuma ka san yadda fitilar ƙwai ke yin baƙi. Haka yake barin dauɗa cikin injuna. Sai an bincika famfunan mai da duk inda zafi ya gasa, ga kwanakin jawo ta daga teku. Yawanci makonni ake ɗauka. A nan kumbon Shuttle na Amurka, wanda shi ma yake dawowa ƙasa a sake harba shi, ya gaza: daga 1981 zuwa 2011 ya tashi sau 135, amma gyaran watanni tsakanin tafiye-tafiye ya cinye ribar.

Shi ya sa sabuwar rokar SpaceX mai suna Starship ke ƙona iskar methane, wadda ba ta barin baƙi sosai. A Oktoban 2024 hasumiyar da ta harba sashenta na ƙasa ce ta cafke shi da hannayen ƙarfe, ba ƙafafu, ba jirgin ruwa.