Na sayi tikitin jirgi ta intanet, ya zan san kujerata ta tabbata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Zan yi tafiya wata ƙasa, in na sauka kuma sai na sake shiga jirgin cikin gida zuwa garin da za ni, to na yi bukin ɗinsa ta wani kamfanin sayar da tikiti na intanet da ke wata ƙasar daban, sun cire kuɗi a katina sun turo imel amma hankalina ya ƙi kwanciya. Ya zan tabbatar? Nagode.
Daga wata mai bibiyarku

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kina da gaskiya, don cire kuɗi daban, yanke tikiti daban, wani lokacin ejan, wato kamfanin intanet ɗin da ya sayar miki da tikitin, zai riƙe miki kujera ne kawai bai kai ga biyan kamfanin jirgin ba, in lokacin da aka ba shi ya wuce sai kujerar ta faɗi ba ki sani ba.

Ki buɗe imel ɗin nan ki nemo abu biyu. Akwai lambar bukin ta kamfanin jirgin, PNR, guda shida ce haruffa ko haɗe da lambobi, kuma ki kula ba ita ce lambar risit ɗin ejan ba, a nan mutane da yawa ke rikicewa. Sai lambar tikiti mai lambobi 13, ukun farko na kamfanin jirgin ne, misali na Turkish Airlines da 235 yake farawa, na Ethiopian da 071. Tun 2008 IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta daina tikitin takarda, yanzu lambar nan ita ce tikitinki. Wasu ƙananan kamfanoni masu araha dai PNR kawai suke bayarwa, wannan ba matsala ba ce.

To ki je shafin kamfanin jirgin da kansa, wajen duba bukin, ki sa PNR da sunan ƙarshe yadda yake a fasfo. In sunanki ya fito da rana da lambar jirgi, alhamdulillah. In bai fito ba ki kira su yau ɗin nan ki karanta musu lambar, in sun ce babu sai ki koma kan ejan, don canji ko mayar da kuɗi galibi ta hannunsa za a bi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, ejan da yawa imel ɗinsu suke sawa a bukin, jiragen cikin gida kuma suna yawan canza lokaci, sanarwa ta tafi wajensu ke kina zaune. Ki sa lambarki da imel ɗinki in shafin ya yarda, ki sake leƙawa kwana uku kafin tafiya, in an buɗe cekin, wato rajistar shiga jirgi, ta intanet, yawanci awa 24 ko 48 kafin tashi, ki yi ki ajiye katin shiga jirgi a waya. Allah ya kai ki lafiya.